Tsohon benen nan na tsakiyar gari, su waye suka ci kasuwa a cikinsa?

Wani ɗan'uwa da yake karatu a wani ƙaramin gari a Amurka ya turo min tambaya. Yace kullum sai ya wuce ta gaban wani tsohon bene na jan bulo a babban titin garin, can sama a goshin ginin an rubuta sunan wani mutum da shekarar 1891, ƙasan yanzu shagon tsofaffin kaya ne, saman kuma an toshe tagogin da katako. Yana son sanin wace irin kasuwa aka ci a ciki tun farko, me ya kashe ta, kuma ta ina mutum zai fara bincike.

To ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, wallahi tambayar nan ta min daɗi don aikin da na daɗe ina yi kenan, bin diddigin irin waɗannan gine-ginen kafin a gyara su ko a saka su a rajistar wuraren tarihi. Ban ga naka ba amma yadda ka siffanta shi kamar ina tsaye a gabansa, irinsu dubbai ne a ƙananan garuruwan ƙasar kuma kusan duk zubinsu ɗaya.

Da farko dai kar sunan nan na goshi ya ɗauke maka hankali. Galibi sunan wanda ya zuba kuɗi aka yi ginin ne, ko mai banki ko dillalin hatsi ko wani likita da ya tara abin hannu, kuma zai iya yiwuwa ko allura bai taɓa sayarwa a ciki ba, kuɗin haya kawai yake karɓa. Shekarar ma ka bi ta a hankali, wani lokacin shekarar gini ce, wani lokacin shekarar da aka kafa kasuwancin ce tun suna wani shagon katako a wani layin daban, wani lokacin kuma shekarar da aka sake wa ginin fuska ce. Kasuwar da kake nema tana wajen 'yan haya, masu shigowa su fita, su kuma ba a rubuta sunansu da bulo, da fenti ake rubutawa a jikin gilashi, na bayansu yana zuwa ya kankare ya sa nasa.

Kafin ka taɓa wata takarda, tsallaka titi ka tsaya ka ƙare wa ginin kallo. Faɗinsa zai yi wajen ƙafa 25, in ya fi haka to wajen 50 ne, fuloti biyu aka haɗa kenan, amma zurfinsa zuwa baya zai kai ƙafa 80 ko 100 ko fiye. Dalili kuwa da yawan garuruwan nan, musamman na tsakiyar ƙasar da yamma, layin dogo ne ya haife su, kamfanin jirgin ko masu hannu a cikinsa su ke yanka filin da ke kusa da tasha su sayar, kuma tunda kowa bakin titi yake so sai aka yanka fulotan sirara dogaye yadda kowa zai samu fuska. Faɗin nan kuma ya yi daidai da tsawon katakon da za a gitta daga bango zuwa bango ya ɗauki bene ba sai an kafa ginshiƙi a tsakiyar shago ba. Bangon gefe sau da yawa na tarayya ne da maƙwabci, rabi naka rabi nasa, har yarjejeniya ake rubutawa a kai a ajiye a ofishin filaye, in ka dace da wannan takardar to ta fi rubutun goshi gaskiya wajen sanin shekarar gini.

Shagunan farko a irin waɗannan garuruwan na katako ne, ga murhun itace ga fitilar kananzir ga gini manne da gini, da wuya ka samu garin da wuta bata taɓa lashe masa layi guda ba. Bayan gobarar Shikago ta 1871 garuruwa da dama sun kafa dokar cewa a tsakiyar gari ba a sake gini sai da bulo ko dutse, kamfanonin inshora ma suka matsa lamba. Saboda haka in ka ga gini huɗu biyar a jere duk shekararsu kusan ɗaya, nemi jaridar garin ta shekarar da ta gabace su, sau tari labarin gobara zaka tarar.

Yanzu matso kusa. Duba gindin ginshiƙan da ke gefen ƙofar shagon, in na ƙarfe ne zaka iya ganin ɗan tambarin kamfanin da ya zuba su, ko da fenti ya kusa cinye shi. Kamfanin Mesker Brothers na St. Louis da na George L. Mesker na Evansville a jihar Indiana sun sayar da fuskokin shago na ƙarfe da kwano ta littafin talla, mai gini ya zaɓa a hoto, a ɗoro masa a jirgin ƙasa, kafintan gari ya ɗaura, shi yasa adon da kake gani can sama kamar sassaƙen dutse zai iya zama kwano ne aka buga aka yi wa fenti. Sannan ka leƙa saman gilashin shagon, ƙarƙashin allon sunan da ke wajen yanzu. In ka ga ƙananan gilasai 'yan murabba'i kamar inci huɗu huɗu, cikinsu da tsaga-tsaga, wasu har sun rine sun koma shunayya saboda daɗewa a rana, to irin na kamfanin Luxfer ne da aka fara wajen 1897, aikinsu su karya hasken rana su jefa shi can ƙuryar shago, don shagon dogo ne babu taga a gefe kuma lantarki bai wadata ba. Kaga kenan in ginin naka na 1891 ne kuma yana da su, wani ya kashe kuɗi ya sake gaban shagon daga baya, kuma mutum baya kashe irin wannan kuɗin sai kasuwa tana garawa. Ka sunkuya kuma ka duba daɓen bakin ƙofa, wajen da ƙofar ta ɗan shige ciki, da yawan 'yan kasuwa sun sa an rubuta sunansu da ƙananan tayil a wajen, allon suna yana tafiya amma tayil ɗin yana nan ƙarƙashin tabarmar goge ƙafa. Bangon gefe da na baya ma ka duba, musamman bayan an yi ruwa, tsohon tallan da aka rubuta da fenti yana fitowa dishi-dishi in bulo ya jiƙe.

Sai ƙaramar ƙofar nan da ke gefe, wadda bata shiga shago, matakala ce a bayanta zuwa sama. Ni a wajena ita ce mabuɗin ginin gaba ɗaya. Wanda ya gina irin wannan benen lissafinsa hawa-hawa ne, ƙasa shago ne shi ya fi kawo haya, hawa na biyu ofisoshi ne, likita, likitan haƙori, lauya, tela, mai ɗinkin hulunan mata, mai ɗaukar hoto da yake buƙatar taga a rufi don haske, wani lokacin ofishin wayar tarho na garin ma a sama yake, ko kuma mai shagon ne da iyalinsa suke kwana a can. In akwai hawa na uku ko wani babban falo mai dogon silin, to galibi na ƙungiyoyin zumunta ne irin su Odd Fellows ko Masons, har akwai gine-ginen da ƙungiyar ce ma ta gina, ta riƙe sama don taronta ta ba da ƙasa haya don ya riƙe ginin, wani falon kuma na wasan kwaikwayo da taron gari ne. Har ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba a barinsa, mai aski ko gidan buga takardu sukan kama shi. Gini ɗaya zai iya ɗaukar sana'a biyar shida a lokaci guda, saboda haka in ka rubuta tarihin shagon ƙasa kaɗai ka bar fiye da rabi.

Abin da ya faru da shagon kuwa, ni dai a duk ginin da na bi abu ɗaya nake gani yana maimaituwa, duk sanda hanyar da kaya suke bi su iso ga mai saye ta canza, sai ɗan hayan ƙasa ya canza. A shekarun 1890 shagon yadi da sutura ne ko na kayan masarufi ko na kayan ƙarfe da na noma ko kemis, mai shago yana bayan kanta, kai baka taɓa kaya, ka faɗi abin da kake so a miƙo maka a auna a ƙunshe. Cinikin yawanci bashi ne, manomi ya ɗiba a rubuta a littafi sai kaka ya biya, shi ma mai shagon bashi ya ɗauko wajen 'yan sari na birni, don haka damina ɗaya in ta ƙi, zaka ga shago biyu uku sun canza hannu a shekara mai zuwa. Ranar Asabar ce ranar ciniki, ranar ne mutanen karkara suke shigowa da keken doki. Kar ka yi mamaki in ka ga shagon kujeru da gadaje shi ne kuma mai hidimar jana'iza, kafinta ɗaya ne yake yin gadon yake yin akwatin gawar.

Na farko da ya fara taɓa kasuwar masu shagon nan shi ne ciniki ta gidan waya. Montgomery Ward ya fara a Shikago a 1872, Sears ya biyo baya a shekarun 1890, sannan gwamnati ta fara kai wasiƙu har gonaki kyauta a 1896, a 1913 kuma gidan waya ya fara ɗaukar ƙunshin kaya. Manomi yana zaune a gida ya ga farashi a littafi, ya gane nawa mai shago yake ɗora masa. 'Yan kasuwar ƙananan garuruwa sun yi ta ƙorafi a kan wannan, in ka karanta jaridun lokacin zaka ga tallace-tallace suna roƙon mutane su sayi na gida. Bayansu sai kantuna masu rassa suka shigo garin da ƙafarsu. Woolworth ya fara a 1879, na farkon da ya buɗe a Utica bai yi ba, na Lancaster a jihar Pennsylvania ne ya tsaya. J. C. Penney ya buɗe nasa na farko a 1902 a Kemmerer, wani ɗan garin masu haƙar kwal a Wyoming, da sunan Golden Rule, kuɗi hannu ba bashi, farashi ɗaya ga kowa. Piggly Wiggly a Memphis a 1916 ya kawo tsarin ɗauki da kanka ka biya a bakin ƙofa, A&P kuwa wajen 1930 rassansa sun haura 15,000. Su waɗannan kamfanonin galibi haya suke kamawa ta shekaru masu yawa, su sake gaban shagon da kalarsu, in wajen ya musu kaɗan su fasa bangon tsakiya su haɗa shago biyu, to in ka shiga ciki ka ga layin ginshiƙan ƙarfe a tsakiyar shago da wani ƙaton ƙarfe a gicciye a sama, wajen da bango yake a da kenan.

In ka ga mashaya ta ɓace daga ginin wajen 1920 ta koma wajen shan lemo ko gidan abinci ko wajen buga sinuka, dokar hana giya ce ta 1920 zuwa 1933, wasu jihohin ma sun hana tun kafin haka. Shekarun 1930 kuwa a takardun mallaka suke fitowa ɓaro-ɓaro, daga 1930 zuwa 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a Amurka, da yawansu na ƙananan garuruwa, sai ka ga ginin da iyali ɗaya suka riƙe shekara arba'in an yi gwanjonsa saboda jingina ko bashin haraji ya koma hannun banki ko kamfanin inshora. Abin da mutane basu cika sani ba shi ne a cikin wannan matsin ne kuma aka sake fuskar shaguna da yawa, dokar gidaje ta 1934 ta sa gwamnati ta tsaya wa bashin gyaran gini, masu shago suka liƙa wani irin gilashi mai kauri mai sheƙi, baƙi ko kore ko ruwan madara, ana ce masa Vitrolite ko Carrara, da fitilun neon. In naka yana da shi ka san wani ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa a lokacin, kuma ka roƙi mai ginin kar ya bari a farfasa shi don an daina yin irinsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu titin ya cika maƙil, tsofaffin garin in ka tambaye su wannan lokacin zasu ba ka labari, amma a nan ne kuma abin ya fara juyawa. Kowa ya sayi mota, kuma titin da aka yanka don keken doki da mai tafiya a ƙafa bashi da wajen fakin. A 1956 aka sa hannu a dokar manyan titunan tarayya, mil 41,000, sababbin hanyoyi suka riƙa kewaye garuruwa maimakon ratsa su, kanti ya koma bakin gari inda fili yake da arha. Masu shagon tsakiyar gari suka ce bari su yi kama da zamani, suka lulluɓe benayen da alminiyom tun daga saman shago har goshi, tagogin sama duk suka shige ciki, kuma ai mutum baya rufe tagar ɗakin da yake kawo masa haya.

Labarin Sam Walton, wanda ya kafa manyan kantunan Walmart, ya isa misali a kan maganar ɗan haya da mai gini. A 1945 ya karɓi wani reshen kantunan ƙananan kaya na Ben Franklin a Newport a jihar Arkansas, ya tashe shi har ciniki ya ninka, amma takardar hayarsa babu sharaɗin sabuntawa a ciki, da wa'adi ya cika mai ginin ya ƙi sabunta masa. A 1950 ya koma Bentonville, garin da mutanensa basu wuce kusan 3,000 ba a lokacin, ya buɗe Walton's 5&10 a dandalin tsakiyar gari, a irin ginin da kake tambaya a kai sak. A 1962 ya buɗe Walmart na farko a Rogers, shekarar da manyan kantuna irinsa, Kmart da Target, su ma suka fara. Mutumin da ya koyi kasuwa a babban titin ƙaramin gari shi ne ya gina abin da ya janye cinikin daga babban titin, shagon nasa na Bentonville yanzu gidan tarihi ne. Wanda zai rubuta tarihin wancan ginin na Newport daga takardar mallaka kaɗai, sunan Walton ma zai iya wuce shi.

Kuma yadda ginin yake mutuwa, daga sama yake farawa, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba. Likita ya koma sabon asibiti mai wajen fakin wanda ba sai tsoho ya hau matakala ba, lauya ya sauko ƙasa, 'yan ƙungiya suka tsufa babu matasa, dokar kashe gobara ta ce in za a zauna a sama sai an ƙara matakala ta biyu, mai gini ya lissafa ya ga bata fita sai ya kulle ƙaramar ƙofar nan. Daga ranar babu mai hawa, rufi ya fara yoyo babu wanda ya sani sai ruwa ya iso silin ɗin shago. Ƙasa kuma mai sutura ya tafi, mai takalma ya tafi, mai kayan ƙarfe ya daure ya daure shi ma ya tafi, sai masu neman haya mai arha suka shigo, ofishin inshora, shagon bidiyo a zamaninsa, ƙaramin coci, sai mai tsofaffin kaya irin wanda ka gani. Kar ka raina shi fa, hayarsa ce take sa ake kunna wuta a ginin har yau, amma ita kaɗai bata isa ta canza rufi ba.

To yanzu takardu. Fara da taswirorin Sanborn, kamfanin da ya fara a 1867 yana zana garuruwa don masu inshorar gobara, ya zana garuruwa wajen 12,000. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa da yawansu a intanet kyauta. Kowane gini an zana shi da kala, ruwan hoda bulo ne, rawaya katako, shuɗi dutse, an rubuta hawa nawa ne, kuma a ciki an rubuta sana'ar da ake yi, har da ta sama. Nemo duk shekarun da aka zana garin naka ka jera su, idan a ta farko fulotin rawaya ne a ta gaba ya koma ruwan hoda, ka kama shekarun da aka yi ginin a tsakani. Sunan ɗan kasuwa ne basu cika sawa ba, sana'ar kawai. In ka samu ainihin littafin a laburaren gari ka shafa shafin da yatsa, zaka ji tudu-tudu inda aka liƙa 'yar takarda a kan tsohon zane don gyara, wani wajen liƙi biyu uku a kan juna. A Kanada da Ingila taswirorin Goad ne suke wannan aikin.

Daga nan ofishin rajistar filaye na gunduma. Kar ka nema da lambar gida, nemi lambar fuloti da ta rukuni kamar yadda take a takardar mallaka, ka fara daga mai ginin na yau kana komawa baya, wa ya sayar wa wa. Wannan maganar lambar gida ka riƙe ta da kyau don ita ce ramin da ya fi cin mutane, garuruwa da yawa sun sake lambobin titi, wasu ma basu da lamba sam sai daga baya, talla sai dai tace shagon yana kallon gidan waya ko ƙofa biyu daga banki, gidan wayar kuma shi kansa haya yake yana yawo. Littafin haraji ma ka duba, shekarar da ƙimar fulotin ta yi tsalle ita ce shekarar da aka ɗora gini.

Amma naman labarin a jarida yake. Jaridar mako-mako ta ƙaramin gari babu abin da take bari, wane ya fara haƙa tushe, bulo ya iso a jirgi, wane ya koma sabon ginin wane, wane ya sayar da kayansa ya bar gari. A nan sunan goshin zai maka amfani, don da shi ake kiran ginin a talla shekara da shekaru. Shafin Chronicling America yana da jaridu da yawa kyauta, waɗanda babu kuma laburaren gari ko ƙungiyar tarihi ta jiha suna da hotonsu. Haɗa da littattafan lambar waya da kundin sunayen 'yan kasuwa irin na kamfanin Polk, da tallan da ke bayan littafin yaye ɗalibai na sakandaren garin, wannan ɗin mutane suna mantawa da shi alhali kusan kowane mai shago yana sa talla a ciki. Ƙidayar jama'a tana nuna wa yake kwana a sama da sana'arsa, ta 1950 ta fito tun 2022, ta 1890 ce dai kusan duk ta ƙone a gobarar 1921, kuma ita ce ta fi kusa da shekarar ginin naka. Ka buɗe takarda ka ja layi, shekara a gefe, ƙasa daban sama daban, duk abin da ka samu ka rubuta inda ka samo shi, inda babu komai ka bar shi fili kar ka cike da zato.

Kafin duk wannan wahalar ma tambayi ofishin adana kayan tarihi na jihar ko tsakiyar garin yana cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa. In yana ciki akwai takardar da aka cika gini bayan gini, wani ya riga ya maka rabin aiki, sai dai ka tantance don su ma suna kuskure. Shiga rajistar baya hana mai gini yin abin da ya ga dama da kuɗinsa, dokar gari ce take iya hanawa, amma yana buɗe masa ƙofar rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara in ginin na neman kuɗi ne kuma an bi ƙa'ida. Akwai kuma shirin Main Street na farfaɗo da tsakiyar ƙananan garuruwa, da aka gwada a 1977 a garuruwan Galesburg da Madison da Hot Springs aka faɗaɗa shi a 1980, in garin naka yana ciki to ofishinsu yana da tsofaffin hotuna, kuma su suka san wa yake riƙe da makulli.

Abu ɗaya nake roƙonka, in ka ga takarda a cikin ginin ka ɗauki hotonta a ranar, kar ka ce sai ka dawo. Akwai wani gini da na yi aiki a kansa, a ɗakin ƙasa bayan tsohuwar tukunyar ɗumama gini muka tarar da akwatunan littattafan bashi na wani mai shago, na buɗe ɗaya, kowane shafi sunan iyali ne a sama, kananzir, ƙusa, yadi, takalmin yaro, a gefe kuma an rubuta yadda aka biya, wani da kuɗi wani da ƙwai wani da itace, wani shafin kuma an ja masa layi kawai babu biya. Yamma ta yi nace sai wani satin. Kafin in dawo masu share ginin sun kwashe komai sun kai juji, ba da mugunta ba, su shara suka gani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don duk abin da na tattara daga taswira da jarida a kan ginin bai kai abin da ke cikin akwati ɗaya ba.

Saboda haka shiga shagon ka gaisa da mai tsofaffin kayan, ka sayi ɗan wani abu, ka tambaye shi wa ya kama wajen kafin shi, sannan ka nemi izinin mai ginin ya hau da kai sama. Ka tafi da tocila da takalmi mai ƙarfi da takunkumi saboda ƙura da kashin tantabara, ka bi ta gefen bango, inda ka ga tabon ruwa a silin kar ka taka daɓen da ke ƙarƙashinsa. Saman nan tunda aka kulle shi babu wanda ya gyara komai, don haka yana nan yadda na ƙarshe ya bar shi. Duba gilashin ƙofofin ofis ko da sauran sunan da aka rubuta, duba daɓe ko akwai ramukan ƙusoshi a zagaye inda kujerar likitan haƙori ta zauna, duba ƙofar babban falo ko tana da ɗan rami mai murfi da 'yan ƙungiya suke leƙen mai ƙwanƙwasawa, in akwai kalanda a bango ka rubuta shekararta. Sunan da ka samu a gilashin shi zaka fara nema a jarida idan ka sauko.